Yadda ake ɗumama ɗaki da tukunyar gas a ƙauyukanmu na kuza

Duk wanda ya taɓa kwana a gefen Bukuru ko Barikin Ladi ko Bisichi cikin watan Disamba ya san abin da nake nufi in na ce sanyi. Muna zaune ne a kan tudu sama da mita 1,200, wasu dararen na hunturu awo kan sauka ƙasa da digiri 10, ga iskar da ke biyowa ta kan tafkunan da haƙar kuza ta bari, tana shigowa ta ƙasan ƙofa kamar an aiko ta. Wannan sanyin ba yau ya fara cin mutane ba, lokacin aikin tilas na yaƙin duniya, tsakanin 1942 da 1944, da aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su haƙar kuza, sanyi da ciwon ƙirji sun kashe da yawa daga cikinsu, don an zuba su ne a bukkoki babu mayafin kirki. Kakana lebura ne a bariki, kuma a ɗakin da ya bari muke har yau, jan bulo, kwano a sama, babu silin sai da muka saka daga baya.

In ka bi ta Rayfield ko tsofaffin kwatas na manyan ma'aikatan kamfanin haƙar kuza na ATMN a Bukuru za ka ga gidajen Turawa da bututun hayaƙi ya leƙo ta saman rufi. Murhu ne a jikin bango, wuta na ci a falo hayaƙi na fita ta sama. Ka riƙe wannan hoton a ranka don shi ne tushen duk maganar da zan yi: hitar gas da muke saya yanzu ba ta da bututu, duk abin da wutar ta fitar a cikin ɗaki yake tsayawa tare da kai da yaranka.

Mu da kaskon gawayi muka tashi. Inna takan hura shi a waje ya yi ja ta shigo da shi, a rufe ƙofa a toshe taga da tsumma. Akwai wata asuba da muka tashi mu huɗu kowa kansa na sarawa, ƙanwata tana amai, Inna ta miƙe za ta yi alwala jiri ya mayar da ita kan gado. Zazzaɓi muka ce, har aka aika a sayo magani, amma da aka buɗe ƙofa muka zauna a tsakar gida kafin hantsi kowa ya fara dawowa daidai. Sai bayan shekaru na gane gubar gawayi ce ta kusa tafiya da mu a daren nan. Shi ya sa na koma gas, kuma shi ya sa ba na son kowa ya ɗauka komawa gas ɗin kaɗai ya raba shi da wannan haɗarin. Ya rage shi sosai in an bi ƙa'ida, amma bai kawar da shi ba.

Toh kafin ma ka kashe ko sisi a kan hita, ɗaga kai ka kalli rufin ɗakinka. In kwano kake gani tsirara, duk zafin da ka saya sama zai tashi ya fice, kana ƙona kuɗi ne kana ɗumama wa tsuntsaye. Ka fara saka silin, ko na katako ne ko na roba, in babu hali ko tabarma da buhu aka ɗaura a ƙarƙashin kwano suna rage wani abu. Gilashin taga da ya fashe a canza, labule mai kauri, ƙasa a shimfiɗa leda ko darduma don simintin nan shan zafi yake yi. Amma fa kar ka toshe ko'ina ruf, zan zo kan dalili.

Wajen saye, abin da kake nema shi ne hitar nan mai kama da ƙaramar durowa, mai taya huɗu, tukunya na shiga ta bayanta, gabanta akwai faranti uku na tangaran da ke yin ja in an kunna, mu ido muke ce musu. Yawancinsu ƙarfinsu kilowat 4.2 ne, kowane ido 1.4. Abu uku za ka tambaya kuma ka sa a gwada maka a gabanka. Na farko in wuta ta mutu gas ɗin yana yankewa da kansa? A kunna, a hure ƙaramin harshen wutar nan da ke ƙasan faranti, cikin ɗan lokaci ya kamata gas ya daina fita. Na biyu tana da abin da ke kashe ta in iskar ɗaki ta ragu? A jikinta ko a kwalinta za ka ga an rubuta ODS. Na uku in ta karkata ko yaro ya ture ta tana mutuwa? Wadda ba ta da na farko da na biyu ko kyauta aka ba ka kar ka shigar da ita ɗaki.

In ta gwanjo ce, juya bayanta akwai ɗan ƙarfe ko takarda mai rubutu. In ka ga G30 ko G31, ko 28 zuwa 30 mbar, ta gas ɗin tukunya ce. In G20 aka rubuta, an yi ta ne don gas ɗin bututu irin na gidajen Turai, ba ta dace da namu ba, wutarta za ta yi yawa ta yi baƙin hayaƙi. Kuma regileta, wato kan nan mai daidaita fitar gas, da ya zo da ita daga waje ba lallai ya zauna daidai a bakin tukunyarmu ba, kar ka danna shi da ƙarfi ko ka ɗaure da roba, sayi sabon regileta a nan wanda ya dace. Ka ce wa mai shago na girkin gida kake so, mai ƙaramin matsi. Akwai wani mai abin murɗawa a sama wanda masu suyar ƙosai da masu gidan abinci ke sa wa manyan murhu, wannan matsinsa ya fi ƙarfin hita nesa ba kusa ba. Ka je da tukunyarka mai kilo 12.5 ko ka auna ta, don wasu hitocin cikinsu ƙarami ne.

Sannan dan Allah, ƙaramar tukunyar nan mai kilo 3 ko 6 da ake ɗaura wa murhu a ka, ta girki ce. Na sha shiga ɗakin samari na tarar an kunna ta ana jin ɗumi, wani har da kifa tukunyar ƙasa ko murfin ƙarfe a kai wai don ya riƙe zafi. Kifa abu a kan harshen wuta shi ne hanya mafi sauri ta samar da gubar nan, don wutar ba ta samun iskar da za ta ƙone gas ɗin gaba ɗaya.

Ita kanta tukunyar ka duba ta. A jikin hannunta ko gindinta akwai shekarar da aka ƙera ta da nauyinta in babu komai a ciki. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta ce shekara 15 ne iyakar rayuwar tukunya, ana sake gwada ta duk bayan shekara 5. Wadda gindinta ya ci tsatsa ko aka yi mata walda, rabu da ita. In za a zuba maka, tsaya a kan sikeli, nauyin tukunya a haɗa da 12.5 shikenan, kar ka roƙi gyara. Gas a ciki ruwa ne, ana barin sarari a sama da gangan don in rana ta buga ya samu wurin kumbura. A kan acaɓa a tsaye za a ɗauko ta, in kuma dole ta sa aka kwantar, in an iso a bar ta a tsaye a waje ta ɗan huta kafin a haɗa.

Haɗawa a tsakar gida ake yi da rana, ba a ɗaki da dare da fitilar waya ba. Tiyo na gas na ainihi, mai rubutu da shekara a jikinsa, ba tiyon ruwa ba, a ɗaure bakinsa biyu da kilif mai noti, ba waya ko kyauron taya ba. Ka dama omo ko sabulu a kofi, ka buɗe regileta, ka shafa kumfar a bakin tukunya da duk inda aka haɗa. In ka ga kumfa na tasowa tana girma akwai yoyo, rufe ka gyara. Sau da yawa ƴar robar nan baƙa da ke cikin bakin tukunya ce ta tsage ko ta faɗi, masu gas suna da ita, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Wannan gwajin duk lokacin da aka canza tukunya ake yi, ba ranar farko kawai ba. Da ashana kam ba a gwada yoyo. Tiyo kuma ko bai nuna komai ba kar ya wuce shekara 5, a nan da hunturu ke busar da roba ni duk farkon sanyi nake lanƙwasa shi in duba, in na ga tsaga ko ƙanana ne na canza.

Kunnawa ba wuya. Buɗe regileta, danna makunnin ciki ka riƙe, ka ƙyasta har ƙaramin harshen ya kama, ka ci gaba da riƙewa kamar daƙiƙa 15 zuwa 20 sannan ka saki a hankali. In ka gwada sau biyu uku bai kama ba ka dakata, bar gas ɗin da ya taru ya watse tukuna, kuma kar ka kai fuskarka kusa kana leƙe. Kashewa daga regileta ake fara yi, sauran gas ɗin cikin tiyo ya ƙone, sannan a mayar da makunni.

Yanzu ga maganar da ta fi komai. Wuta numfashi take yi kamar mu, iskar da kake shaƙa ita take ci. In ɗaki a rufe yake ruf iskar tana raguwa, wutar ta fara ci rabi da rabi, daga nan take fitar da kabon monoksaid, irin gubar gawayin nan dai. Ba ta da wari ba ta da launi. Warin da kake ji in gas na yoyo wani sinadari ne aka zuba masa da gangan don a gane, ita wannan gubar babu wanda ya zuba mata komai, ba za ka ji ta ba sai dai ka ji kanka na sarawa, jiri, tashin zuciya, kasala, barci na fizgarka. Littattafan da ke zuwa da irin wannan hita da yawa suna neman kafar iska ta kusan murabba'in santimita 105, wato faɗin tafin hannun babba, rabi a ƙasa rabi a sama. A aikace ni abin da nake yi, ƙasan ƙofa ba na toshe shi in hita na ci, sannan gilashin taga na sama guda ɗaya a ɗage kamar yatsa biyu. Na san za ka ce ai sanyin ne zai shigo, e zai ɗan shigo, amma zafin da ido ɗaya ke bayarwa ya ninka abin da wannan ƴar kafar ke sacewa.

Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ido ɗaya ya ishe shi. Ido uku na babban falo ne ko zaure. Kuma ba a barci da ita a kunne, ko na minti goma ne wai kafin barci ya ɗauke ka. Masu ƙera ta ma cewa suke kar a yi amfani da ita a ɗakin kwana da banɗaki, amma na san halin da muke ciki, da yawanmu ɗakin ɗaya ne shi ne falo shi ne uwar ɗaka. Toh ga yadda muke yi a gidanmu: bayan magariba a kunna, ana hira ana cin tuwo yara na karatu, bango da shimfiɗa su ɗauki ɗumi, kafin kowa ya kwanta a rufe daga regileta, a buɗe ƙofa minti biyu iska ta canza, a turo hitar waje ko zaure in da hali, sannan bargo ya karɓi aiki. Da asuba wanda ya fara tashi ya sake kunnawa don alwala da shirin makaranta. Tsohuwa ko mai jego da sanyin tsakar dare ke damu, a zuba ruwan zafi a gora mai murfi a naɗe da zani a sa a gefen ƙafa, ya kan kai asuba da ɗuminsa. Jariri kuma shi ne wanda gubar ke fara kamawa kuma ba zai iya cewa kansa na ciwo ba, ɗakin jego a fi ko'ina kiyayewa.

In hitarka tana ta mutuwa da kanta bayan ta ɗan jima tana ci, ba lalacewa ta yi ba, tana gaya maka ne iskar ɗaki ta ragu, ko kuma ƙurar hunturu ta toshe ƙaramin bakin wutar. A kan tudun nan iska dama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, don haka hita kan fi saurin ƙorafi. Buɗe taga, in ta huce a hure ƙurar ko a share da buroshi mai laushi, ba a zura allura a faɗaɗa ramin. Abin da ke tayar min da hankali shi ne mai gyaran da zai ce bari in cire miki wayar nan ta daina damunki. Wayar nan ita ce mai gadin ɗakin. Wani mai gyara ya taɓa yi wa ta maƙwabciyarmu haka, da na ga wutar tana ci rawaya tana lilo, ga baƙi a saman faranti, na ce Hajiya wannan ba za ta kwana a ɗakin nan ba, gara mu mayar a saka sabuwar waya ko a haƙura da ita. Wuta mai lafiya ƙaramin harshen shuɗi ne tsaye, faranti ya yi ja bai ɗaya babu baƙi.

In kana da hali sayi ƴar na'urar nan mai batir da ke ihu in ta ji gubar, a rataye ta a bango daidai tsayin kai, taku biyu ko uku daga hita. Ka tabbata ta kabon monoksaid ce, an rubuta CO a jiki, don akwai ta yoyon gas daban, ita a ƙasa ake sa ta. Ranar da kuwa mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka kama ciwon kai lokaci guda, kar a tsaya cewa maleriya ce, a kashe, a buɗe ko'ina, a fitar da kowa. Wanda ya suma ko yake magana ba kan gado, mai ciki, ko ƙaramin yaro, asibiti kai tsaye, babban asibitin Barikin Ladi ko JUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Jos, ko duk wanda ya fi kusa, a gaya musu an kunna gas ko gawayi a ɗaki don oksijin yake buƙata. Madara da manja ba sa fitar da wannan gubar daga jini, kuma ɗura wa wanda ya suma abu a baki shaƙe shi zai yi.

Wani abin da ba a gaya wa mutane shi ne ruwa. Kowane kilo na gas in ya ƙone yana sakin ruwa kusan lita ɗaya da rabi a matsayin tururi. Awa uku da ido ɗaya kamar ka fasa ledar fiya wata ɗaya ce a cikin iskar ɗaki, tukunya guda kuwa ta kusa cika jarka mai lita 20. Da hunturu da iska ke bushe ƙayau wannan har daɗi yake yi wa hanci da leɓe, amma a sanyin damina na Yuli da Agusta za ka ga taga na zufa, kwano na ɗiga in babu silin, bayan durowa ya yi fumfuna, mai asma ya fara tari. A lokacin a rage awanni a ƙara buɗe taga.

Lissafin kuɗi kuma kowa ya yi da farashin ranar, tunda gas yau ya hau gobe ya sauka. Ido ɗaya yana shan kusan giram 100 a awa, uku kusan 300. In awa biyu da dare ɗaya da asuba kake yi da ido ɗaya, kilo 12.5 zai kai ka wajen kwana 40, kenan tukunya biyu ta fitar da kai daga Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu. In ka saba buɗe ido uku, sati biyu ta ƙare. Masu wutar NESCO, kamfanin da tun 1929 aka kafa shi yana ba ma'adinai lantarki daga Kurra, ko masu mita ta JED, kamfanin raba lantarki na Jos, ga ma'auni: kilo ɗaya na gas zafinsa daidai yake da yunit 13 zuwa 14 na lantarki. Kwatanta kuɗin biyun. In wuta na samuwa kuma wayar gidanka za ta ɗauki hita mai kilowat 2, ta lantarki ba ta fitar da guba, ni ita zan zaɓa wa ɗakin kwana. Kuma in da hali a raba tukunyar girki da ta ɗumi, yawan cirewa da mayarwa shi ke cinye robar baki.

Da asubar da sanyi ya tsananta za ka iya ganin wuta ta yi rauni alhali in ka jijjiga tukunya da sauran gas, har raɓa ta kwanta a jikinta. Gas ɗinmu yawancinsa biyuten ne, shi kuma daf da digiri sifili yake daina zama iska, tukunyar kuma tana ƙara yin sanyi da kanta yayin da ake jan gas. Ba cutarka aka yi ba. Rage zuwa ido ɗaya ko ka kashe ta ɗan huta. Kar a kawo ta kusa da wuta, kar a kwara mata tafasasshen ruwa, kar a kwantar da ita don a tatse sauran, in ruwan gas ya biyo tiyo wutar da za ta tashi sai ta lashi silin.

Tazara kuma, taku ɗaya babba tsakanin gaban hita da katifar soso, gidan sauro, labule, da kayan sawa. Ba a shanya wankin yara a kanta. Hijabi da zanin roba suna kamawa cikin ƙiftawar ido, mata a kula wajen wucewa, yaro mai rarrafe kuma kar a bar shi da ita ko na ɗauko ruwa ne. Ƴan uwana masu noman rani a bakin tafkunan kuza, masu dankali da kabeji da karas, na san jarkar fetur ɗin injin ban ruwa a ɗaki take kwana saboda ɓarayi. Fetur da hita ba sa haɗa ɗaki, a nema wa ɗaya wani wuri. Tukunyar ajiya ita ma a waje, a inuwa, a tsaye, nesa da bakin rijiya da kwata.

In ka shigo ka ji warin gas, ka tuna ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya inda yara ke barci a tabarma. Kar ka taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kar a ƙyasta komai, kar a tayar da janareta. Rufe regileta, wangale ƙofa da tagogi, fitar da mutane, fitar da tukunya fili, in za ka kira wani ka kira daga waje. Ka ɗauki tabarma ko faifai ka riƙa koro iskar ƙasa zuwa bakin ƙofa, kuma ba a sake kunna komai sai ka durƙusa ka shinshina daf da siminti ka ji babu sauran wari.

In sanyi ya wuce wajen ƙarshen Fabrairu, cire tukunya, share faranti, ka rufe hitar da buhu ko tsohon zani, ka toshe bakin tiyo da leda don gizo-gizo da zanzaro na son gina gida a ciki. Farkon Nuwamba ka fito da ita tsakar gida, ka yi gwajin kumfa, ka kunna ta a fili minti goma ka kalli launin wutar kafin ta shiga ɗaki.